Nicolae Milescu: jakadan da ya dawo daga Sin hannu rabbana

"Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta uku a sashen tarihi. A darasin tarihin diflomasiyya na ci karo da sunan wani ɗan Romaniya, Nicolae Milescu, wanda aka ce Sarkin Rasha ya aike shi ƙasar Sin a ƙarni na 17. Me ya kai ɗan Romaniya zama jakadan Rasha? Sannan na ga an ce tafiyar ba ta yi nasara ba, ko takardar amsa ba a ba shi ba, to don me ake ta yabonsa har yau? Kuma da gaske ne an yanke masa hanci?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka uku ne, amma ta tsakiyar ce mai nauyi: mutum ya tafi aike, ya shekara kusan uku a hanya, ya dawo ba abin da aka tura shi nema, me ya rage da za a tuna shi da shi? Ni abin da ya ja ni ga Milescu sana'a ce. Na daɗe ina aikin fassara da tafinta kafin in koma koyar da tarihi, kuma a ganina duk wanda ya auna mutumin nan da ma'aunin jakada kaɗai zai raina shi. Tafinta ne da aka ɗora wa rigar jakada. In ka riƙe wannan, sauran labarin zai warware maka.

Ƙasar da ta haife shi

An haife shi a 1636 a yankin Vaslui, cikin ƙasar Moldabiya. Ka fara cire taswirar yau daga kanka, domin a lokacin babu ƙasa mai suna Romaniya. Sai a 1859 Moldabiya da Walakiya suka haɗu ƙarƙashin sarki ɗaya. A zamaninsa ƙananan masarautu ne guda biyu na Kiristoci mabiya ɗarikar Otodoks, masu biyan haraji ga Daular Usmaniyya. Ta Turkawan Santambul nake nufi, ba ta Sakkwato ba, domin ɗalibaina sukan rikita su. Sarkin Moldabiya ba ya hawa gado sai Santambul ta yarda, yardar kuwa da kuɗi ake sayenta, kuma wanda ya fi ka tayi yana iya tuɓe ka baɗi. Ga Folan a arewa, ga Tatar na Kirimiya da Kosak, wato mayaƙan kan iyakar Yukren da Rasha, a gabas, ga Turkawa a kudu: gaba kura, baya sayaki. A irin wannan ƙasa, ɗan babban gida mai harsuna da yawa kadara ce, domin rayuwar sarki ta rataya ne ga wasiƙu.

Milescu ya yi karatu a babbar makarantar Fadar Cocin Otodoks da ke Santambul, inda ya ƙware a Girkanci na da da na zamaninsa, ya haɗa da Latinanci, da Silabonanci wanda shi ne harshen ibada a cocin ƙasarsa, da Turkanci. Da ya dawo gida ya zama magatakardan Sarki Gheorghe Ștefan, wanda ya hau mulki a 1653 aka tuɓe shi a 1658. Daga nan ya bi gidan sarautar Ghica zuwa Walakiya, a can ne ya sami sarautar spătar, wato mai ɗaukar takobin sarki, muƙami na soja. Wannan sarauta ce ta zame masa suna. Shi da kansa Nicolae Spătarul yake sa hannu, Rashawa kuma suka mai da shi Nikolai Spafari. Sunan Milescu, wanda ake furtawa Milesku, marubucin tarihin Moldabiya Ion Neculce ne ya yaɗa shi bayan mutuwarsa. Ka lura da wannan in kana bincike, domin littattafan Rasha da na Turanci da yawa ba su san shi da Milescu ba sam.

Maganar hanci

Da gaske ne an yi masa wannan hukunci, har ma laƙabinsa a Moldabiya Cârnul, ma'ana mai guntun hanci. Labarin da kowa ke maimaitawa daga Neculce ya fito. Ya ce Milescu mutum ne mai ilimi, mai dukiya, mai ji da kai, kuma ɗan gaban goshin Sarki Ștefăniță Lupu, tare suke cin abinci, tare suke karta. Sai ya rubuta wasiƙa a asirce zuwa ga wani tuɓaɓɓen sarki, Constantin Basarab, da ke gudun hijira a Folan, yana kiransa ya zo da runduna ya karɓe gadon. Ya ɓoye wasiƙar cikin sandar da aka rarake. Shi kuwa Basarab, maimakon ya amsa, sai ya mayar wa Ștefăniță da sandar da wasiƙar a ciki. Sarki ya zare wuƙarsa ya miƙa wa hauni ya ce a yanke hancin. Neculce ya ƙara da cewa Milescu ya tafi Jamus ya sami likitan da ya riƙa ɗibar jini daga kumatunsa yana ɗorawa a wurin har hancin ya tsiro.

Wannan ƙarshen ka ajiye shi a matsayin tatsuniya. Sunan sarkin ma akwai ja a kansa. An haifi Neculce a 1672, labarin ji ya yi daga bakin tsofaffi. Ștefăniță ya yi mulki daga 1659 zuwa 1661, a shekarun da Milescu ke ta hawa muƙamai a Walakiya, don haka masana da dama suka karkata ga cewa abin ya faru ne wajen 1668, zamanin Sarki Iliaș Alexandru, bayan Milescu ya dawo daga yawonsa na Turai. Ni ma can na fi karkata. Abin da ya fi sunan sarkin amfani shi ne ma'anar hukuncin. Al'ada ce da aka gada daga Rumawan Bizantiya: mai nakasa a fuska ba ya hawa gadon sarauta. Ke nan wanda ya sa aka tsaga masa hanci yana ganinsa a matsayin mai neman gadon, ko mai naɗa wanda zai hau. Daga ranar ƙofar siyasar gida ta rufe masa, kuma rabin amsar tambayarka ta farko ke nan.

Aikin da ba a sa sunansa a kai ba

Kafin wannan, daga 1660 zuwa 1664, Milescu yana Santambul a matsayin wakilin Sarkin Walakiya Grigore Ghica a fadar Sultan. Aiki ne na zaman jira a zaurukan manya da raba toshi da sauraren tsegumi. Cikin wannan zama ne ya yi abin da nake ɗauka mafi girma a rayuwarsa: ya fassara Tsohon Alkawari gaba ɗaya daga Girkanci zuwa harshen Romaniya. Ya yi aiki da bugun Girkanci da aka yi a Frankfurt a 1597, yana gwada shi da na Silabonanci da na Latinanci.

Sai ka san halin harshen kafin ka ga girman aikin. Talaka da basarake duk da harshen Romaniya suke magana, amma ibada da takardun fada da Silabonanci aka saba yi, harshen da ko limaman ƙauye da yawa haddace shi kawai suka yi. An riga an buga Sabon Alkawari a 1648 a Alba Iulia, amma Tsohon Alkawari ya ninka shi tsawo wajen sau uku, kuma cike yake da dokoki da waƙoƙi da sunayen itatuwa da duwatsu da kayan haikali waɗanda harshen bai taɓa rubuta su ba. Duk wanda ya taɓa zama da takardar doka ko ta likitanci zai mayar da ita harshen da ba shi da ƙamus a fannin ya san wannan ciwon kai. Kowane shafi sai ka yanke shawara: in ari kalmar, in ƙirƙiro, ko in faɗaɗa ma'anar wadda ake da ita? Milescu ya fi manne wa Girkancin, har wani lokaci jimlarsa takan yi tauri. Ba na ganin laifinsa. Mai fassarar farko na littafin addini tsoron ƙari da ragi ya fi damunsa a kan daɗin karatu. Masu zuwa baya su ke samun sararin gyara zubi.

Haka kuwa aka yi. Fassarar ta bi hannun wasu malamai suka gyara ta, kwafin da aka gyara yana nan a ɗakin karatu a birnin Cluj, ana kiransa rubutu mai lamba 45. Ita ce ta zama ginshiƙin Littafi Mai Tsarki na Bukares na 1688, cikakke na farko a harshen, wanda Sarki Șerban Cantacuzino ya ɗauki nauyinsa, 'yan'uwa biyu Radu da Șerban Greceanu suka duba. Sunan Milescu bai fito a littafin ba. Sai a ƙarni na 20 masu bincike, musamman Virgil Cândea, suka tabbatar da hannunsa ta hanyar gwada rubuce-rubucen. A cikin abin da ya fassara har da wata maƙala kan rinjayen hankali a kan son zuciya, wadda Romaniyawa ke ƙirgawa a matsayin rubutun falsafa na farko da aka buga da harshensu.

A 1664 maigidansa Ghica ya faɗi, Milescu ya nufi Balin ta Jamus, daga nan ya je Stettin wurin tsohon maigidansa Gheorghe Ștefan da ke gudun hijira. Shi ne ya aike shi neman taimakon Suwidin da Faransa don ya koma gadonsa. Ya je Stokhom a 1666, ya je Faris, babban birnin Faransa, wurin Sarki Louis na 14 a 1667. An karɓe shi da mutunci, taimako kuwa bai zo ba, Ștefan ya mutu a 1668. Ribar tafiyar ita ma rubutu ce. A Stokhom jakadan Faransa Arnauld de Pomponne ya roƙe shi ya rubuta abin da Cocin Gabas, wato ta Otodoks, ta yi imani da shi game da gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, domin malaman Katolika da na Furotesta a Faransa suna ta jayayya, kowa na cewa Gabas na bayansa. Ya rubuta ɗan littafi da Girkanci da Latinanci, aka buga na Latinancin a Faris a 1669.

Yadda ya faɗa Masko

A 1671 Dositheos, shugaban Cocin Otodoks na Ƙudus, ya tura shi Masko da takardar shaida. Rasha a lokacin tana buɗe ido ga duniya, tana ƙishin masu harsuna, kuma ta fi amincewa da baƙo ɗan ɗarikarta a kan Bakatolike. Aka ɗauke shi tafinta a ofishin jakadanci, wato ma'aikatar harkokin wajen Sarki Aleksei Mikhailovich, ƙarƙashin Artamon Matveyev. Cikin 'yan shekaru ya harhaɗa wa fada littattafai da dama, kan lissafi da ma'anar lambobi, kan annabcin Daniyel, kan manyan sarakunan duniya, ya kuma koyar da ɗan Matveyev. Don haka da aka tashi neman wanda za a aika Sin, ga mutum a hannu wanda ya san fadar Sultan, ya ga ta Faransa, yana jin Latinanci. Na ƙarshen nan shi ne mabuɗi, domin an san akwai limaman Jezuwit, wata ƙungiyar malaman Katolika, 'yan Turai a fadar Beijin.

Matsalar Rasha da Sin kuwa har da ta harshe tsagwaronta. A 1619 wani Kosak, Ivan Petlin, ya dawo daga Beijin da wasiƙa daga fadar Ming, daular da ke mulkin Sin a lokacin. Ta zauna shekara 56 ba wanda ya iya karanta ta, sai a 1675 da Milescu ya sami mai karanta ta a Tobolsk, wani birni a Saiberiya. Kafin nan daular da ta rubuta ta ma ta faɗi tun 1644. Jakadan da ya gabace shi, Fyodor Baikov, ya isa Beijin a 1656, ya ƙi faɗuwa gaisuwa irin tasu, ya ƙi miƙa wasiƙa ga kowa sai sarki, aka mayar masa da kyaututtukansa aka sallame shi. A 1670 kuma gwamnan Nerchinsk, garin Rasha da ke kusa da iyakar Sin, ya aika wani Kosak, Ignatii Milovanov, da saƙon cewa Sarkin Sin ya zo ya shiga ƙarƙashin Sarkin Rasha. An karɓi Milovanov hannu bibbiyu, abin da ke nuna saƙon bai isa kunnen sarki yadda aka rubuta shi ba. Nakan ba ɗalibaina wannan labari in ce su faɗa mini ko tafintan ranar ya ci amana ne ko ya ceci rai.

Hanyar Saiberiya

Ya bar Masko a watan Maris 1675 da ayari na mutum wajen 150. A Tobolsk ya zauna da Juraj Križanić, wani malami ɗan Kuroshiya da aka kora can, wanda ya taimaka masa da bayanai kan hanya. Daga watan Mayu ya shiga ruwa: kogin Irtish, sai Ob, sai Ket mai fadama da sauro, aka ratsa tudu zuwa Yeniseisk, aka hau kogin Angara ana jan jirage da igiya a wuraren da ruwa ke gudu kan duwatsu, har tafkin Baikal a watan Satumba. Daga nan Selenginsk, sai Nerchinsk a Disamba, cikin sanyin da ke daskarar da kogi.

Duk tsawon tafiyar yana rubutu kullum. Kogi kaza ya shigo ta dama, tazararsa kaza daga na baya, ga tsibiri, ga ƙauye mai gida kaza, ga ƙabilar da ke zaune a wurin da abin da take ci. Karatun yana da gajiyarwa, ba zan ɓoye maka ba, amma wannan gajiyarwar ita ce darajarsa, domin matafiyin da ya biyo baya zai iya bin sa kamar taswira. Da ya iso Baikal sai alƙalaminsa ya saki. Ya yi mamakin yadda masana ƙasa na da da na zamaninsa ba su ambace shi ba, ya tattauna ko teku za a kira shi ko tafki tun da ruwansa na sha ne, ya ambaci tsabtar ruwan da kifayensa da wata dabbar ruwa mai shayarwa da aka fi sani a teku. Ya ce an sha jefa igiya gaba 100 da ɗoriya ba a taɓa ƙasa ba. Ai kuwa ba za a taɓa ba: zurfin Baikal ya kai mita 1,642, babu tafkin da ya kai shi a duniya.

Beijin

A nan ne gizo ke saƙar. Sarki Kangxi na daular Manchu yana da shekara 22, kuma yana tsakiyar yaƙi da manyan janarori uku da suka yi masa tawaye a kudu tun 1673. Ba ya son wata wuta a arewa, amma yana da ƙorafi biyu a kan Rasha. Kosak sun kafa sansani a Albazin a bakin kogin Amur suna karɓar harajin fatu daga mutanen da Manchu ke ɗauka talakawansu. Sannan wani basaraken ƙabilar Tungus mai suna Gantimur ya sauya sheƙa da mutanensa zuwa ɓangaren Rasha a 1667, Beijin na so a dawo da shi. Milescu kuwa abin da aka rubuta masa ya nema daban ne: buƙatu 12 da suka shafi buɗe ciniki, da sakin Rashawan da ke tsare, da aiko jakadan Sin Masko, da tsayar da harshen da za a riƙa wasiƙa da shi. Ba a ba shi ikon miƙa Gantimur ba, kuma miƙa shi zai sa sauran ƙabilun da ke biyan Rasha haraji su watse. Tun kafin a zauna, abin da kowane ɓangare ya fi so ba ya hannun ɗayan.

Tun a bakin kogin Nonni, cikin Manchuriya, wani babban jami'i mai suna Mala ya tare shi, aka shafe makonni ana ja-in-ja kan wasiƙar Sarkin Rasha. A tsarin Sin, jakada yakan miƙa wasiƙa ga ma'aikata, a karanta, a tabbatar babu rashin ladabi, sannan a kai gaban sarki. A tsarin Masko, wasiƙar sarki hannun sarki take shiga. Ya shiga Beijin a watan Mayu 1676 ba a warware ba. A ƙarshe aka yi sulhu, ya ajiye ta kan tebur da aka lulluɓe da rawayan alharini a cikin fada, manyan fadawa suka ɗauka. Sai maganar gaisuwa: durƙusawa sau 3, kai goshi ƙasa sau 9, kamar mai sujada. Ya yi, amma a gurguje, ba ya kai goshin ƙasa sosai, fadawa suna yi masa magana yana cewa shi bawan Sarkin Rasha ne, yadda ya saba haka zai yi. Da aka zo ba shi kyautar sarki aka ce ya karɓa a durƙushe, ya ƙi. Da ya fahimci cewa wasiƙar amsa za ta kira kyautar Sarkin Rasha haraji daga na ƙasa zuwa na sama, ya nemi ya ga abin da za a rubuta da Latinanci kafin ya karɓa. Aka ce to babu wasiƙar. Da baki aka gaya masa sharuɗɗa uku: a dawo da Gantimur, a zauna lafiya a kan iyaka, in za a sake aiko jakada a aiko mai hankali wanda zai bi al'ada. Ya bar birnin a farkon Satumba.

Mai karatu na yau yakan ga wannan kamar wasan yara, manya suna faɗa kan tebur da gwiwa. Ni na daina ganinsa haka tun ranar da na yi tafinta a wata tattaunawa inda aka kwana biyu kan sunan wa zai fara zuwa a kan takarda, maganar kuɗin kuwa aka gama ta cikin awa ɗaya. Inda babu wata doka da ɓangarorin biyu suka yarda da ita, tsarin zama da tsayuwa shi ne yarjejeniyar. Da Milescu ya koma da takardar da ta kira maigidansa mai biyan haraji, da wuya ya tsira da kansa a Masko. Inda nake ganin laifinsa shi ne hali. Rahotonsa da kansa yana nuna mutum mai son cin gardama, mai jin daɗin nuna ya fi abokin zamansa sani, kuma jakada yakan buƙaci ya bar wa ɗaya ɓangaren ƙofar fita da mutuncinsa. Neculce ya ce mai ji da kai ne, Manchu ma abin da suka gani ke nan.

Amma akwai abin da ya samu wanda Baikov bai samu ba. Tafintan fada shi ne Ferdinand Verbiest, limamin Jezuwit daga ƙasar da ake kira Beljiyam yau, masanin taurari, malamin lissafin Kangxi, mai ƙera masa igwa. Da Latinanci suke magana, harshen da babu wani a ɗakin da ke ji. Verbiest yana da tasa buƙatar, yana so Rasha ta buɗe wa 'yan ƙungiyarsa hanyar tudu ta Saiberiya, don haka ya riƙa tsegunta wa Milescu abubuwa a asirce, har da cewa Manchu na da niyyar far wa Albazin in ba a daidaita ba. Haka aka yi: an kewaye sansanin a 1685, aka sake a 1686. Da aka zauna sulhu a Nerchinsk a 1689, yarjejeniya ta farko tsakanin Sin da wata ƙasar Turai, limaman Jezuwit biyu, Gerbillon da Pereira, suka yi tafinta, kuma matanin da ɓangarorin biyu suka dogara da shi na Latinanci ne. Milescu bai halarta ba, Fyodor Golovin ne ya jagoranci Rashawa, amma hanyar maganar da aka bi ita ce wadda aka fara gwadawa a 1676.

Wanne ne nasa a cikin littattafan

Ya iso Masko a Janairu 1678 ya tarar duniya ta juya. Sarki Aleksei ya mutu tun 1676, an kori Matveyev zuwa gudun hijira bisa tuhumar tsafi, kuma sunan Milescu na cikin tuhumar, wai tare suke karanta baƙin littafi. Ya sha bincike, ya tsira, ya koma teburinsa na fassara. Ya yi aiki har zamanin Sarki Peter na Ɗaya, ya bi shi yaƙin Azov a 1695, ya mutu a Masko a 1708.

Rubutu uku ya miƙa daga tafiyar, kuma a nan zan ja kunnenka. Wanda aka fi yi wa kirari shi ne Bayanin Ƙasar Sin, wanda aka yi ta kwafa da hannu a Rasha. Mafi yawansa fassara ce ta littafin taswirar Sin na wani Bajezuwit ɗan Italiya, Martino Martini, da aka buga a 1655, tare da ƙarin abin da Milescu ya gani ko ya ji. A zamaninsa ba a ɗaukar wannan sata, kuma ya yi wa Rashawa amfani ƙwarai, amma in ka rubuta a jarrabawa cewa shi ya zagaya lardunan Sin ya bayyana su, ka yi kuskure. Yawancin zamansa a Beijin a tsare yake cikin masauki da masu gadi a ƙofa. Nasa na kansa su ne littafin hanyar Saiberiya, wanda sai a 1882 aka buga shi, da rahoton jakadancin, inda za ka ji gardamarsa da Mala kusan kalma da kalma. Ni a fassarar Turanci ta John Baddeley ta 1919 na karanta su, don haka hukuncina kan salon Rashancinsa na aro ne. Ka kuma tuna rahoton mutum ne da ke kare kansa a gaban iyayen gidansa, kowace gardama shi ke cin ta.

Yau ƙasashe uku ke cewa nasu ne. Romaniya na riƙe da shi saboda garin haihuwarsa da fassarar Tsohon Alkawari. Jamhuriyar Moldoba ta kafa gunkinsa a jerin manyan marubuta a lambun tsakiyar birnin Kishinau. Rasha kuma Spafari ta sani, ma'aikacinta kuma mai bayanin Saiberiya. Akwai ma wani reshe na danginsa da ya koma Rasha a 1711 tare da Sarki Dimitrie Cantemir, bayan Turkawa sun ci Peter a bakin kogin Prut. Suka fassara sarautar gidan zuwa Rashanci: takobi a harshen shi ne mech, sai spătar ya koma Mechnikov. Daga wannan gida ne Ilya Mechnikov ya fito, masanin da ya gano ƙwayoyin jini masu cinye ƙwayoyin cuta, wanda ya raba kyautar Nobel ta likitanci da Paul Ehrlich a 1908.